Ɗamarar Ɗan Fari

Ku matso nan inuwa ku zauna, in gaya muku abin da ya sa aka ce ba ni da kunya. Gara ku ji daga bakina, don in matan unguwarmu ta Zariya, nan cikin Maraɗi, suka riga ni, za su zuba wa maganar gishiri har ku kasa haɗiyewa. Ni ba mai yawon gidaje ba ce. Lekol ma, makarantar boko, ban yi nisa ba aka fiddo ni. Ina tsakar gidana, ina dama kokon sayarwa da safe, in yi ɗan ɗinkin hannu da rana. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Tun daga bakin lungu nakan san wanda ke tahowa da irin jan takalminshi.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba ki kiran sunanshi, ba ki kallonshi ido da ido, ba ki nuna kin san yana ci ko yana sha. Nawa ana yaye shi uwar mijina ta goya shi ta tafi da shi Tsibiri. Can ya girma, ita yake ce wa Inna, ni kuma Yaya yake ce mini kamar yadda ƙannena ke faɗi. Ita ko sai ta ce mijina kaza, mijina kaza, ta ɓoye mishi ƙanzo da tsokar nama. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka na tarar ana yi, haka aka yi wa uwata da ni. Da ya zama saurayi ya dawo Maraɗi neman sana'a, babanshi ya ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Muna gida ɗaya, amma in ya shigo nakan maida fuskata wajen tukunya. Zan iya ce muku ban san yadda gemunshi ya fito ba. Amma na san tarinshi, na san in ya gaji ƙafar hagu yake ja, na san ranar da bai ci abincin rana ba daga yadda yake buɗe kwano.

Sana'ar da ya faɗa ita ce shiga rijiya. In injin ban ruwa ya suɓuce ya nutse a lambunan Jiratawa, ko akuya ta faɗa, ko rijiya ta cike da laka tana son yasa, su ake kira. Su biyu ne, shi da wani dogon mutum ɗan Jiratawa mai yawan dariya. Shi dogon ke riƙon igiya a sama, nawa ke sauka. Wani lokaci ruwan iya ƙirji ne, wani lokaci sai ya riƙe numfashi ya nutsa ya lalubo abin da ya faɗa.

A cikin kayan bosho, wato gwanjo, na babbar kasuwa ya tsinci kayan aikinshi. Riguna biyu na roba, baƙaƙe, masu kama jiki tun daga wuya har idon sawu. Ɗaya kauri gare ta kamar silifa, ɗayar ba ta fi atamfa ninki biyu ba. Sai ɗamara. Mai boshon ya ce ta masu nutso a teku ce, da ita suke goya tulun iska a baya. Ni ban taɓa ganin teku ba, amma ɗamarar na gan ta a shanye a kan igiya. Maɗauri ne mai faɗi, yana hawa kafaɗu biyu, ya zagayo ƙugu, wani ya bi ta tsakanin ƙafafu. Akwai zobba na ƙarfe inda ake ƙulla igiya. A gaban kowace kafaɗa kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai ido biyu, ta cikinshi maɗaurin ke zurarewa in ana so a matse ko a sassauta.

Da sanyi ya sayo su, saboda haka rigar mai kauri ya fara sawa, ya daidaita ɗamarar a kanta. Ya kai Tsibiri ya nuna wa kakarshi. Ita kuma tsohuwa tana ganin mijinta zai riƙa shiga rami, ta tashi tsaye. Ta je wajen wani tsohon malami ya rubuta layu biyu, ta kai wa baduku. Badukun da ya duba ɗamarar, ya ga ƙarfen nan biyu a tsirara, sai ya ga ai nan ne wurin da ya dace. Ya ɗora kowace laya a kan ƙarfe, ya naɗe da jar fata, ya ɗinke laya da ƙarfe da maɗauri gaba ɗaya, wai har ya taimaka kada ƙarfe ya ci wa yaro jiki. Ɗinki ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kowa ya gani ya yaba. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa sanyi na wucewa.

Duk tsawon sanyin nan, in ya sa kayan ya fita, ba na jin komai sai takunshi. Da zafi ya shigo, irin zafin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ya yi ta fama da rigar mai kauri har wata rana jiri ya kwashe shi a bakin rijiya. Sai ya koma mai laushin. Washegari ina tsugune gaban murhu, ya ratsa tsakar gida zai ɗebi ruwa, na ji kacau, kacau. Zobba na bugun juna. Na ce a raina, wannan ƙarar ba ta nan da. Duk macen da ta yi goyo ta san wannan. Yadda kike ɗaure jariri da sanyi, yana cikin rigar ulu da tawul, ba haka kike ɗaure shi da bazara yana tsirara ba. In kika bar majanyi yadda yake, kina sunkuyawa za ki ji ɗa ya zame. Ɗamarar nan an ɗaure ta a kan silifa, yanzu atamfa ce a ƙarƙashinta, kuma an ɗinke inda za a ja.

Na ci gaba da hura wutata. Ba hurumina ba ne.

Bayan ƴan kwanaki suna zaune a zaure shi da dogon nan suna shan shayi, ni ina daga ciki ina tsince shinkafa. Dogon yana ba wani abokinsu labari yana ƙyaƙyata dariya.

"Wallahi na ja igiya, na ji nauyin ya sake. Na leƙa, sai ga mutuminka ɗamara ta haye mishi har kunnuwa, hannuwa a sama, ƙafafu na harbin iska kamar ɗan akuyar da aka ɗaga ta wuya! Na ce kai, in za ka fita daga rigar ka bari mu hau sama tukuna!"

Suka kwashe da dariya. Na ji nawa ya ce, "Rage murya mana, Yaya na ciki."

"To ka cusa soson katifa mana kamar jiya."

"Na cusa. Yana jiƙewa ya sulale."

Shinkafar nan ban san yadda na gama tsince ta ba. Soson katifa! Mutum na reto a kan ruwa mai zurfin da ba a ganin ƙasanshi, abin da ke tsakaninshi da suɓucewa soson katifa ne.

Na bi hanya, kada ku ce ban bi ba. Na sami maigida yana cin tuwo, na ce, "Malam, ɗamarar yaron nan ta yi mishi yawa."

Ya ce, "Wane yaro?"

"Na zaure."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ke ina ruwanki? Ɗan Inna ne. Ita ta sa aka ɗinka, ita za ta sa a kwance. Ni ba zan sa hannu a layun Inna ba, ban gaji da zaman lafiya ba."

Sai na yi abin da ban cika yi ba, na ɗauki mayafi na fita. Na sayi goro da sabulu na shiga motar Tsibiri. Na tarar da Inna tana ɓarar gujiya a ƙofar ɗakinta. Muka gaisa, muka yi zancen zafi, muka yi zancen wanda ya mutu da wadda ta haihu. Sannan na sunkuyar da kai na ce, "Inna, kayan aikin yaron nan naku ne. Ɗamarar tana zame mishi a kafaɗa."

Ta ajiye gujiyar. "Mijina? Tun yaushe kinka san yana da kafaɗa?"

Matan gidan suka yi dariya. Ni ma na yi, don haka ake yi.

Na ce, "Inna, ba cire layun za a yi ba. A ɗan gusar da su ne, a ja maɗaurin."

Ta ce, "Malamin da ya rubuta su ya rasu. Da bakinshi ya ce inda anka ɗora su nan za su zamna. In anka ɗaga su, wa za ya sake rubuta mini? Ke? In ɗamara ta yi mishi yawa, ki ba shi tuwo ya cika ta. Da yana hannuna ai ba ta yi mishi yawa ba."

Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni. Tsohuwar nan ta fi kowa son yaron nan, ita ta yi jinyar ƙyandarshi, ita ta sayar da tunkiyarta ta yi mishi kayan kaciya. Tsoron da nake ji shi take ji. Ita dai tana tsoron abin da ba a gani, ni kuma na ji abin da dogon nan ya gani da idonshi. Na dawo gida da ƙunshin gujiya da ciwon kai.

Ba a daɗe ba Inna ta zo Maraɗi ganin likitan ido, ta sauka gidanmu. Da safe tana zaune a tabarma tana jiran koko, maigida na gefenta, maƙwabta biyu sun shigo da kwanoninsu. Dogon ya yi sallama daga zaure, ya ce a yi sauri, inji ya faɗa wata tsohuwar rijiya mai zurfi a Jiratawa, mai lambu na ta kira. Nawa ya fito da rigar robar a jikinshi, ɗamarar a kai, ya durƙusa ya gaida kakarshi. Yana miƙewa na ji kacau.

Ban shirya ba. Da na shirya da ban yi ba. Na ajiye ludayi, na shiga ɗaki na ɗauko reza da allura da zaren da nake ɗinkin buhu, na fito na tsaya gabanshi.

Na ce, "Kai. Tsaya nan."

Ya dubi Inna, ya dubi babanshi.

Na ce, "Ni za ka duba."

Ya dube ni. Ashe idanun babana ne da shi. Ban sani ba sai ran nan.

Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi za ki yi da reza?"

Maigida ya ce, "Ke! Kina da hankali kuwa?"

Ban amsa wa kowa ba. Na sa hannu ƙarƙashin maɗaurin kafaɗa, hannuna ya shige gaba ɗaya har da wuyan hannu, da sauran wuri. Na ɗaga don kowa ya gani. Sannan na bi ɗinkin badukun da bakin reza, zare bayan zare. Fatar ban yanka ba, layar ban buɗe ba, ban ga ko harafi ɗaya na abin da ke ciki ba. Ta farko ta fito, na sa mishi a tafin hannu na ce riƙe. Ta biyu ma haka. Ƙarfen ya yi tsatsa a ƙarƙashi, sai da na shafa mishi man gyaɗa kafin maɗaurin ya yarda ya motsa.

Na ja na dama, na ja na hagu, na sake komawa na dama don kada ɗaya ya fi ɗaya. Na matse na ƙugu. Na tsakanin ƙafafu na ce ya ja da kanshi, na juya baya, don rashin kunyar tawa ma tana da iyaka. Na ce ya ja numfashi ya cika ƙirji. Ya ja, na ga ya matse shi, na ɗan saki, tunda mutumin da zai nutsa ƙirjinshi ne jarinshi. Na bar wurin da yatsuna biyu za su shiga da ƙyar. Na ce ɗaga hannu, sunkuya, taɓa ƙasa. Yana yi kamar ɗan lekol, katon mutum da gemu. Rabon da in taɓa shi tun yana shan nono.

Na ƙwala wa dogon kira. "Kai mai dariya, shigo da igiyarka!"

Ya shigo yana sosa ƙeya, yau babu dariya. Na ce ya jefa igiyar kan reshen bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida, ya ƙulla a zobba, ya ja. Ya ja har ƙafafun yaron suka bar ƙasa. Na ce girgiza shi. Ya girgiza. Ɗamarar ta zauna inda take, ba ta hau ba ko kaɗan.

Dogon ya ce, "Kai, Yaya, yau ko na so in zubar da shi ba zai zubu ba."

Babu wanda ya yi dariya.

Aka sauke shi. Na karɓi layun na ɗinke kowace a kan maɗaurin, ƙasa da ƙarfen da kamar faɗin tafin hannu, inda ba za su tare hanya ba. Ɗinkina bai kai na baduku kyau ba, amma ba zai tsinke ba. Na ce, "Je ka." Ya bi bayan dogon, suka fita.

Inna ta miƙe ta ɗaure ƙunshin kayanta. Kokon da na zuba mata ko kallonshi ba ta yi ba. A bakin zaure ta juyo ta ce, "In wani abu ya same shi yau, ke da Allah."

Wannan maganar ita na wuni da ita. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Na san in ƙafarshi ta zame, ko bango ya rufta, ko maciji ya sare shi a hanya, babu wanda zai ce rijiya ce. Za a ce uwarshi ce ta ɗaga mishi tsari da hannunta. Na ƙona miya, na zuba wa mai sayen koko canji sau biyu. Amma ko a lokacin, da za a maida ni safiyar, rezar zan sake ɗauka.

Ya dawo kafin magariba, laka har gira, sun fiddo injin. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, sannu da gida." Na ce yawwa, fuskata wajen tukunya. Na ƙara mishi nama a miya.

Kada ku zaci daga nan aka ce na yi daidai. Da labari ya kai Tsibiri, Inna ta ce ai layun ne suka yi haƙuri suka ci gaba da aiki duk da wulaƙancin da aka yi musu. Maƙwabtan nan biyu da suka zo sayen koko kuwa kafin azahar sun raba labarin har Sabon Gari. Na je suna, ina shiga wata ta ce, "A ba uwar ɗa wuri ta zauna." Wata ta ce, "An ce har shafa mishi ƙirji kika yi gaban uwar miji." Na ce, "Ba shafawa na yi ba, ja na yi. In naki na shiga rijiya ki aiko shi, reza na nan." Aka ce ka ji ta, ko a jikinta. Eh, ko a jikina. Na yi kunyar yaron nan shekara da shekaru, na yi ta yadda ake so, babu wanda ya taɓa jin sunanshi a bakina, har yau kuma ba a ji ba. Amma ban san kunyar da ake yi wa gawa ba.

Da sanyi ya sake zagayowa, wata safiya ya fito da rigar mai kauri, ɗamarar a hannu. Yanzu ai ƙarfen a buɗe yake, zai iya gyarawa da kanshi. Amma sai ya zo ya tsaya tsakar gida ya ɗaga hannuwa, kanshi a sunkuye. Na goge hannuna na tashi. Na sassauta mishi, sannan na ɗan ƙara matsewa fiye da yadda yake so, ya ce, "Yaya, ta kama ni." Na ce roba mai kauri in ta sha ruwa aka danne ta kwanciya take yi, can ƙasa za ka ji ta saki. Da yamma ya ce wa dogon a zaure, ba ni ba, wai haka aka yi. Tun daga nan, duk sauyin riga, nan yake zuwa ya tsaya. Babanshi kan tashi ya fita masallaci ko lokacin salla bai yi ba.

Inna kuwa har yanzu ba ta ci abincin hannuna. Da salla ina zuwa Tsibiri in durƙusa in gaishe ta, takan amsa tana kallon bango. Tuwon da na kai ta ba jikoki. Tana tsufa, idon ma ya ƙi, kuma ina son tsohuwar nan, ita ta yi mini wankan jego. Maigida ya matsa in je in ba ta haƙuri. Na je. Na ce, "Inna, ki yafe mini fiddo reza gabanki, da rashin amsa miki da kika yi magana. Wannan na yi laifi."

Ta ce, "Layun fa?"

Na ce, "Suna nan jikinshi."

Ta ce, "Ki maida su inda anka ɗora su, a ɗinke yadda yake. Ran nan zan ci tuwonki."

Na dubi kwanon tuwon da na kawo mata. Sannan na ce, "Inna, wannan kam ba zan yi ba." Na tashi na ɗauki kwanona.

Yanzu zafi na ƙaratowa, kwanan nan yaron zai fito da rigar mai laushi ya tsaya mini a tsakar gida, kuma gobe ma akwai rijiyar da ke jiranshi. To ku da kuka ji, in naku ne, za ku maida layun kan ƙarfen ku ɗinke don tsohuwa ta ci tuwonku?